Tarihin Iyakarmu da ke Kwance a Intanet

Duk wanda ke zama a majalisun Mai'adua, musamman da yammacin Lahadi bayan kasuwa ta watse, ya san yadda samari ke miƙa wa juna waya suna nuna abubuwan al'ajabi da suka tsinto a intanet: yau kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987, wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa da kimanin 8,000, gobe 'yan kunnen zinariya da aka tono a kaburburan Durɓi ta Kusheyi. Ban ga aibu ga wannan ba, domin sha'awar sani ni'ima ce daga Allah. Sai dai abin da ya fi kusa da mu, wanda muke ƙetarewa kullum a hanyar Kwangwalam, shi ne muka fi ƙarancin bincikawa, alhali hujjojinsa suna nan kyauta ga mai nema.

Iyakar nan da ta raba mu da 'yan'uwanmu na Matamaye da Magarya, bayan yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, wata tawaga ce ta bi ta ƙafa da ƙafa tsakanin 1906 da 1908, Kyaftin Tilho yana shugabantar Faransawa, Manjo O'Shee yana shugabantar Ingilishi, suna auna taurari da dare don tabbatar da matsayin garuruwa, suna kafa turaku tun daga Kwara har Tabkin Chadi. Da suka koma gida, Faransawan suka buga rahotonsu a Faris cikin juzu'ai tun daga 1910, kuma a cikinsa akwai tarihin masarautun wannan yanki wanda tafintansu Landeroin ya tattara daga bakin sarakuna da fadawa. Littattafan da a da sai mai halin zuwa Turai ke iya gani, ga su yau an ɗauki hotonsu shafi-shafi, ɗalibin da ya iya Faransanci yana iya karanta su a zauren gidansu.

A nan ne nake ganin wajibi ya hau kanmu. Malaman hadisi ba su karɓar riwaya sai sun duba isnadinta, sun san wanda ya faɗa, da wanda ya ji, da halin da aka yi maganar a ciki. To, riwayar da aka karɓa daga bakin basarake a gaban hafsan soja, ta hanyar tafinta, a daidai lokacin da ake yanke wa kowa rabonsa na ƙasa, lalle tana da daraja, amma ba a haɗiye ta ba tare da tahƙiƙi ba. A shekarar 1906 ɗin nan ce Ingilishi suka mayar da sarautar Daura ga Malam Musa na gidan Haɓe da ke Zango, bayan kimanin ƙarni guda tana hannun Fulani, saboda haka kowane mai ba da labari a wannan zamani yana da abin da yake karewa.

Riwayar da za a gwada waccan da ita tana bakin dattawanmu, waɗanda suka ji daga kakanninsu yadda gona ɗaya ta wayi gari rabinta na Faransa, da yadda talakawa suka riƙa ƙaurowa don gudun aikin tilas da nauyin haraji na wancan ɓangaren. Ita ba ta cikin intanet, kuma masu riƙe da ita suna ta raguwa. Ina roƙon malaman tarihi na makarantun sakandarenmu su tura ɗalibai, da wayoyin nan da ke hannunsu, su naɗi muryoyin tsofaffin garuruwan bakin iyaka, su rubuta sunan mai magana da garinsa da wanda ya ji daga gare shi, a ajiye kwafi a fadar hakimi, a kai wani fadar Mai Martaba Sarkin Daura.