Garaya ko Doki: Wanne ne Fuskar Kuɗin Ailan?

Ɗauki tsohon tsabar kuɗin ƙasar Ailan ka juya shi a tafin hannunka. A gefe guda za ka ga doki, ko bijimi, ko kaza da ’yan tsakinta. A ɗaya gefen kuma akwai garayar gargajiyar ƙasar, mai tsirkiya da yawa. Babu kan sarki, babu na shugaba. To, wanne ne fuska, wanne ne baya?

Galibin mutane dabbar suke zaɓa, domin ita ce mai kai da ido. A wurin masana tsabar kuɗi kuwa, garayar ce fuska. Ina tare da su, kuma ina ganin batun ya wuce gardamar masu tara tsofaffin kuɗaɗe.

Ƙa’idar ita ce, fuskar kuɗi gefen da ke shaida ikon wanda ya buga shi. A ƙasar sarauta, kan sarki ne ke wannan aiki. A jamhuriya kuwa, sunan ƙasa da tambarinta ne. Ƙimar kuɗin da adonsa sukan koma baya.

Ruɗanin yana da tushe. Tun zamanin Sarki Henry na Takwas, a shekarun 1530, garaya ta fara bayyana a kuɗin da Ingila ke buga wa Ailan. A ƙarnonin da suka biyo baya, tsarin da aka saba shi ne kan sarkin Ingila a gaba, garaya a baya, sau da yawa da kambin sarauta a bisanta. Shi ya sa idan mutanen Ailan za su jefa kuɗi sama don ƙuri’a, sukan tambaya: kai ko garaya? Wato dai garaya ita ce bayan.

Bayan kafuwar ’Yantacciyar Ƙasar Ailan a 1922, gwamnati ta naɗa kwamiti a 1926 ƙarƙashin marubucin waƙoƙi W. B. Yeats domin zaɓen zanen sabon kuɗi. Wani Bature ɗan Ingila, Percy Metcalfe, ya lashe gasar, abin da bai yi wa wasu masu kishin ƙasa daɗi ba. Kuɗin ya fito a 1928 da ƙimomin da kakanninmu ma suka sani: kaza a kwabo, zomo a taro, karen farauta a sisi, bijimi a sule, kifi a fataka, doki a sule biyu da sisi. Duk waɗannan baya ne. A gaban kowanne, garaya ce zaune inda kan sarki yake a da, ba kambi, tare da shekara da sunan ƙasa cikin harshen Ailan: Saorstát Éireann, daga 1939 kuma Éire.

Saboda haka wanda ya kira garayar baya, ko bai sani ba, ya mayar da ita mazaunin da mulkin mallaka ya ajiye ta.

Za a iya cewa jefa kuɗi wasa ne, kowa ya kira gefen da ya ga dama. Haka ne, a filin ƙwallo ba a buƙatar masani. Amma hikimar tana cikin abin da aka ƙi sakawa. Ƙasar ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasa na 1922 zuwa 1923 ba. Duk gwarzon da aka ɗora hotonsa, wani ɓangare zai ɗauke shi maci amana. Garaya da dabbobin gona ba su da jam’iyya. Irin wannan dabara Najeriya ta bi a 1973: tambarin ƙasa a gefe guda, gyaɗa, koko, auduga da kwakwar manja a ɗaya gefen.

Zaɓin ya jure. Ya tsallake sauyin tsarin lissafin kuɗi na 1971. Da yuro ya zo a 2002, dabbobin suka kau, taswirar Turai ta maye gurbinsu, amma garaya da kalmar Éire suka ci gaba da zama a gefen ƙasa, wanda shi ake ƙirgawa fuska.

Idan tsabar kuɗin wata ƙasa ya shigo hannunka, kada ka nemi inda ido yake. Nemi inda aka rubuta sunan mai iko.