“Ƙarfin wuta”: suna ɗaya bai isa abubuwa uku ba

Idan aka ce “wuta ba ta da ƙarfi” a Jambutu ta Garwa, wadda ake rubutawa Djamboutou, kowa ya san abin da ake nufi: ƙwai ya dushe, fanka tana juyi da ƙyar. Amma mai sayar da janareta shi ma “ƙarfi” yake cewa, mai haɗa waya ma haka, alhali abubuwa uku daban suke aunawa. Ra'ayina shi ne ya wajaba ɗalibin Hausa ya raba su, domin ruɗanin yana ƙona kaya, wani lokaci har da gida.

Na farko shi ne abin da ke ingiza wutar cikin waya, ana auna shi da bolt. A kira shi tunkuɗa. Na biyu yawan wutar da ke wucewa ne, ana auna shi da amfiya. Kwarara ke nan. Kowace waya kuma tana ɗan hana wutar wucewa, kuma Hausa ba ta rasa sunan wannan hali ba, tunda jaki ma yakan turje: turjiya, ma'auninta om. Na ukun da ake cusawa cikin “ƙarfi” shi ne aikin da wutar ke yi a kowace daƙiƙa, ana auna shi da wat. Shi kaɗai zan bar wa sunan ƙarfi.

Bajamushe Georg Ohm ne ya wallafa dangantakarsu a 1827: tunkuɗa daidai take da kwarara sau turjiya. Ɗan makaranta a Garwa yana rubuta ta da U = R × I bisa al'adar Faransanci, takwaransa na Yola yana rubuta V = I × R, kuma magana ɗaya ce. Ƙarfi kuwa tunkuɗa ce sau kwarara.

Mu gwada. Wutar gida a Kamaru bolt 220 ce. Dutsen guga mai wat 1,100 zai ja amfiya 5, wato 1,100 a raba da 220, turjiyarsa kuma om 44, wato 220 a raba da 5. Abin dafa ruwa mai wat 2,200 yana jan amfiya 10. Wanda ya jona su biyun a igiyar soket da aka rubuta wa amfiya 10 ya ɗora mata 15. Zai zaci ƙarin rabi ne kawai. Ina! Zafin da waya ke ɗauka yana bin kwarara sau kanta: 10 sau 10 ɗari ne, 15 sau 15 kuwa 225. Zafin ya haura ninki biyu, kuma daga nan ne warin roba ke fara tashi.

Haka idan tunkuɗa ta sauka zuwa bolt 180. Turjiyar dutsen tana nan kusan yadda take, sai kwarara ta ragu zuwa amfiya 4 da ɗan ɗoriya, ƙarfinsa ya koma wajen wat 740. Tunkuɗa ba ta rasa ko kashi ɗaya cikin biyar ba, amma sulusin zafin ya tafi. Injin firji kuwa akasin haka yake yi: yakan ƙara jan kwarara don ya ci gaba da juyi, har ya ɗau zafi ya ƙone. Mai cewa “ƙarfi ya ragu” ba shi da bakin bayyana yadda raguwa ta ƙona firji.

Lissafin bai tsaya a ɗaki ba. Madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, an gina ta don megawat 72, kuma tashar Jambutu mai aiki da mai tana tallafa mata idan ruwa ya ja baya. Da za a turo wutar Lagdo a bolt 220, da kwararar ta haura amfiya 300,000, kuma babu wayar da za ta ɗauka. Shi ya sa ake ɗaga ta zuwa bolt 110,000 kafin ta kamo hanyar Garwa. Tunkuɗa ta ninku sau 500, kwarara ta ragu sau 500, asarar zafi a hanya ta ragu sau 250,000.

Wani zai ce a ari kalmomin Turawa a huta. A wajen ma'aunai na yarda, domin bolt, amfiya, om da wat sunayen mutane ne, Volta da Ampère da Ohm da Watt, ba a kuwa fassara suna. Amma aron sunan abin da ake aunawa zai raba mu biyu, na Garwa ya aro daga Faransanci, na Kano daga Ingilishi. Tunkuɗa, kwarara da turjiya kuwa duk Bahaushe ya san su tun kafin ya ga waya, kuma dukansu mata ne masu ɗaukar -r ba gardama: tunkuɗar wuta, kwararar wuta, turjiyar waya.