Kafin ka liƙe tankin kifi, karanta jikin gam ɗin



A makon jiya wata baiwar Allah daga Unguwar Rogo ta shigo kemis ɗinmu riƙe da bututun gam. Akwatin gilashin da yaranta ke kiwon kifin ado ne ya fara yoyo, maigidanta ya liƙe shi da yamma, da safe suka mayar da ruwa da kifin. Kafin kwana biyu duk sun mutu. Ta ce da ni, "Hajiya, duba min wannan abin, ko guba ne? Don da shi muke shirin gyara tankin tarwadarmu na bayan gida."

Tambayar ta shafi gidaje da yawa. Kiwon kifi ba baƙo ba ne a Filato, gonar kifi ta Panyam da ke Mangu tana nan tun zamanin Turawan mulkin mallaka. Yanzu kuwa sana'ar ta shigo cikin gida, a tankin siminti, na roba ko na tamfol, kuma kifin a tukunyarmu yake ƙarewa.

Gam ɗin da ta kawo silikon ne, amma silikon iri-iri ne. Akwai tsantsa wanda ba a haɗa shi da komai ba. Idan aka matso shi za ka ji wari mai tsami kamar na ruwan kal, yana bushewa warin na tafiya, kuma in ya bushe sarai ba ya cutar da kifi. Da shi ake haɗa akwatunan gilashi na kifi a duniya. Akwai kuma wanda aka yi don banɗaki da kicin, an zuba masa maganin hana funfuna. Wannan maganin yana tsattsafowa a hankali, shi ya sa bango ba ya baƙi. To, kifi a cikin ruwan yake numfashi, duk abin da ya narke a ciki sai ya ratsa jikinsa. Irin na banɗakin ne aka sayar wa maigidanta.

Don haka idan ka je shagon kayan gini a Taminus ko Bukuru, kada ka tsaya ga "mai kyau ne" na mai shago. Juya bututun ka karanta. In ka ga "mildew resistant", "anti-fungal" ko "sanitary", ajiye shi. Nemi wanda aka rubuta "100% silicone" tare da kalmar "aquarium".

Kuskure na biyu shi ne gaggawa. Silikon da danshin iska yake bushewa, daga waje zuwa ciki, kusan milimita 2 zuwa 3 a kwana guda. A Jos lokacin hunturu ga sanyi ga bushewar iska, sai ya fi haka jinkiri. Kwashe kifin zuwa wani mazubi, kankare tsohon gam ɗin tas domin sabo ba ya kama tsoho, ka bar wurin ya bushe, sannan ka liƙe. Ba shi kwana 7. Muddin kana jin tsamin nan, bai gama ba. Daga nan ka cika ruwa ya kwana, ka zubar, ka sake sabo, ka fara gwadawa da kifi biyu ko uku.

Shi kuwa tankin tarwada, silikon ba maganinsa ba ne. Mai tsamin nan ba ya kama siminti da kyau, haka ma tankin roba. Na siminti, da siminti ake gyara shi. Sai dai sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi irin na toka da ke ƙona fatar kifi, don haka a jiƙa shi ana canja ruwan na mako biyu kafin a zuba kifi. Na roba, a kai wa masu liƙi da wuta. Kwalta kuwa kada ta kusanci ruwan kifi, haka fentin mai, domin wasu na ɗauke da dalma mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba.

Uwargida, ranar aikin a buɗe tagogi, a janye yara, musamman mai asma. In gam ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15, in zafin bai lafa ba a tafi asibiti.

Idan kuma kifi ya mutu bayan gyara, na san asarar da ciwo, amma kada a dafa, kada a yi bandarsa a kai kasuwa. Wuta ba ta fitar da dalma daga nama, kuma abin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka sayar wa ɗan wani. A haƙa rami a binne.

Allah ya sa albarka a kiwonmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.