Sanda Ba Ta Gyara Kare

A taron ƙungiya da muka yi bayan girbi, wani dattijo ya tashi ya kawo ƙarar karensa. Ya ce, "Malam, karen nan ya zama maigida a gidana. In yana cin abinci ba mai gilmawa. Ya shiga ɗaki ya yi fitsari a buhunan masarar da ƙungiya ta ba ni ajiya. Na doke shi har hannuna ya gaji, shekaranjiya kuwa ya ciji jikana a ƙafa." Muka ce, "Baba, kafin ka fara dukansa, ya taɓa cizon wani?" Ya yi shiru, can ya ce, "A'a, gurnani kawai ya ke yi."

To, wannan amsa ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Ra'ayinmu shi ne, sanda ba ta gyara kare, sai dai ta mai da mai gurnani ya zama mai cizo. Wanda zai biya bashin dukan nan kuwa ba babba ba ne, yaro ne.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa namijin kare yana neman sarautar gida ne, don haka wajibi ne a karya shi tun da wuri. Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba. A 1947 wani masani mai suna Rudolph Schenkel ya buga abin da ya gani ga kyarketai da aka tsare a gidan ajiye namun daji na birnin Basel, inda su ke ta faɗa a kan wane ne babba. Daga nan masu horon karnuka a Turai da Amurka suka riƙa cewa sai ka danne kare kafin ya bi ka. Amma a 1999 David Mech, wanda ya yi shekaru yana lura da kyarketai a dajinsu a arewacin Kanada, ya nuna cewa garkensu iyali ne kurum, watau uba da uwa da 'ya'ya, ba kuwa da faɗa iyayen su ke samun shugabanci ba. Faɗan da aka gani da farko na baƙi ne da aka cusa a keji ɗaya.

Karen da ke gurnani a kan kaskonsa ba kujerar maigida ya ke nema ba. Tsoro ya ke yi kada a ƙwace masa abincin, musamman in ya saba da yunwa. Gurnani kuwa gargaɗi ne, kamar yana cewa a ja da baya. In ka doke shi saboda gurnani, ba ka cire masa tsoron ba, ka dai hana shi yin gargaɗi ke nan. A 2009 likitocin dabbobi na Jami'ar Pensilvaniya a Amurka sun tambayi masu karnuka 140, suka tarar cewa cikin karnukan da aka doka ko aka shura, 43 daga 100 sun mai da martani da faɗa. A gidajenmu kare ba zai rama a kan mai sanda ba, gama ya san ya fi ƙarfinsa. A kan yaron da ya zo wucewa zai rama.

Batun fitsari ma haka ne. Namijin kare yakan balaga tsakanin wata 6 zuwa 12, daga nan ya fara ɗaga ƙafa yana ɗiga fitsari kaɗan kaɗan a jikin abin da ke tsaye, domin ya bar wa sauran karnuka alama. Sabon abu mai baƙon wari ya fi jan hankalinsa, shi ya sa ya nufi buhunan da aka kawo daga gonakin wasu. Ba raini ba ne, ba kuma ramuwa ba ce. In ka tarar da ɓarnar bayan sa'a guda ka goga hancinsa a ciki, bai san laifin da ya yi ba, abin da ya koya shi ne hannunka abin tsoro ne.

Me za mu yi ke nan? Na ɗaya, a ba shi abinci a kan kari, a wuri guda, nesa da inda yara ke wasa, a kuma hana yara taɓa shi in yana ci ko yana barci. Kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai. Na biyu, a koya masa zama kafin a aje masa kasko, dukan mutanen gida kuwa su bi doka ɗaya. Ta haka zai gane alheri daga hannunka ya ke fitowa, wannan kuwa shi ne shugabanci na gaskiya. Na uku, a rufe ɗakin ajiya, a ɗora buhuna a kan katako. Inda ya riga ya ɓata a wanke da sabulu sarai, in daɓen ƙasa ne a kankare a sake, domin warin jiya ne ke kiransa yau. Na huɗu, a fita da shi da sassafe, da bayan cin abinci, da kuma kafin a kwanta, in ya yi a waje a yaba masa nan take. Hausawa sun ce in ka ga kare yana sunsuna takalmi, ɗauka zai yi. In ka gan shi yana sunsuna buhu, kira shi waje tun bai ɗaga ƙafa ba. Amma in karen da ya saba da tsabta ya soma zubar da fitsari mai yawa, ko da jini a ciki, wannan ciwo ne, sai a kai shi wurin likitan dabbobi.

Waɗansu suna cewa fiɗiya ita ce maganin kome. Tana da amfani, amma kada mu ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Wani bincike da aka buga a 1997 a Kaliforniya a kan karnuka 57 da aka fiɗiye ya nuna cewa yawo da fitsarin alama sun ragu da rabi ko fiye ga wajen shida cikin goma, amma faɗa ya ragu ne ga wajen ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. Saboda haka a bar likita ya yi ta, horo kuwa yana nan a wuyan maigida.

Mun san za a ce mana, "Ai karen da ba shi da zafi ba zai tsare akuya ba." Gaskiya ne muna bukatar tsaro. Amma aikin mai gadi haushi ne, ya ta da mu daga barci. Karen da ke cizon jikokinka da 'ya'yan maƙwabta bai tsare gida ba, rigima ya jawo masa. Za a kuma ce tuwo bai ishi yara ba balle kare. In haka ne, gara kare ɗaya da ake ciyarwa da uku masu yunwa suna yawo a gari.

Akwai abin da ya fi wannan duka nauyi, watau ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, wajen 40 cikin 100 kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tashi. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a tsaya wurin mai magani. Karen kuwa a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, kada a sayar, kada a yanka. Kare mai sanyin hali da ya juye ya zama mafaɗaci dare ɗaya ba horo ya ke bukata ba, a nisance shi a kira likita.

Dattijon nan ya kai jikansa asibiti, karen ma ya cika kwana goma lafiya lau, mun gode wa Allah. Amma bai kamata mu jira sai an ciji yaro ba. Masana sun nuna cewa in aka yi wa 70 cikin 100 na karnukan gari rigakafi, ciwon yakan daina yaɗuwa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wannan allura. Shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce, yadda mu ke haɗa kuɗi mu sayi taki, mu haɗa mu kira ma'aikacin dabbobi sau ɗaya a shekara. Ranar 28 ga Satumba, wadda aka keɓe tun 2007 domin yaƙi da wannan ciwo, ta dace. Sakatare ya rubuta karnukan kowane gida a littafi.

Littafin Karin Magana, sura 12, aya 10, ya auna adalcin mutum da yadda ya ke riƙon dabbarsa. Kare ma amana ne a hannunmu, kamar sa da akuya. Mu aje sanda, mu ɗauki kasko da igiya. Ubangiji ya kiyaye mana yaranmu.