Kafin damana ta sauka, mu duba tayar motar garinmu



Kowace shekara idan watan 5 ya kama, manomi yakan duba irinsa, ya gyara sungumi da hauya, ya yi wa ɗakinsa yaɓe. Abu guda ne muke mantawa da shi: tayar motar da za ta kai mu kasuwa da gidan likita. A garuruwa da yawa yanzu akwai motar ɗaukar marasa lafiya, ko motar ƙungiyar manoma, ko ta wani ɗan gari mai jigilar ƴan kasuwa. Kuɗin gyaranta daga aljihunmu suke fita. Saboda haka muna da bakin magana a kan irin tayar da za a sa mata.

Ra'ayina shi ne: motar da ke bin kwalta da hanyar daji kullum, a saya mata tayar da aka yi don hanyoyin nan biyu, mai cikakkun haƙora, kuma a saye ta tun kafin ruwan farko. Bari in faɗi dalili.

Abin da na gani da idona

Wata damana, cikin watan 8, na shiga motar wani gari zan koma gida. A cikinta akwai mace mai naƙuda, tun daren jiya haihuwa ta ƙi. Tsakaninmu da kwalta bai fi kilomita 20 ba. Da muka shiga fadama sai mota ta tsaya. Tayoyi suna juyawa, mota ba ta gaba ba ta baya. Na sauka na shafa tayar baya, na ji ta sumul kamar bayan ƙwarya. Kwamitin garin ne ya sayo tayoyin gwanjo guda 4 don sun fi araha. Mun yi awa 4 muna haƙa, muna sa kara da itace a ƙarƙashi. Daga ƙarshe shanun amalanke ne suka fid da mu. Uwar ta rayu, amma jaririn bai zo da rai ba.

Rai da ajali na Allah ne. Amma awa 4 ɗin nan da muka ɓata cikin laka, mu muka jawo su ranar da aka sayi tayoyin.

Taya iri uku ce

Masana'antun taya suna yi wa motocin kat-kat, irin su Hilux da Land Cruiser, taya iri uku. Galibi akan rubuta haruffa biyu a gefen kowace.

1. H/T: tayar kwalta. Haƙoranta ƙanana ne, suna kusa da juna. Ba ta da ƙara, ba ta sa mota shan mai da yawa, kuma ita ta fi kama birki a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Amma da ta shiga laka sai ramukanta su cike, ta yi sulɓi.

2. M/T: tayar laka. Haƙoranta manya ne, da faɗin rami a tsakaninsu. Cikin taɓo mai zurfi babu kamarta. A kan kwalta kuwa tana da ƙara, tana saurin cinyewa, tana ƙara shan mai. Idan an yi ruwa, birkinta a kan kwalta ba ya kamawa da wuri.

3. A/T: tayar kowace hanya. Tana tsakanin biyun nan. Haƙoranta sun fi na tayar kwalta girma da zurfi, amma ba su kai na tayar laka ba.

Me ya sa na zaɓi ta uku?

Mu dubi ƙasarmu. Babbar hanya mai lamba 1 ta bi Yamai, Doso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har Difa. Amma garuruwanmu nawa ne ke bakinta? Direban da ya bar kwalta zai hau hanyar jar ƙasa mai tsakuwa. Daga nan ya faɗa jigawa mai rairayi. Kafin ya kai gari, sai ya ratsa fadama ko gulbi. A Adar, wajen Keita da Buza, duwatsu masu kaifi ne ke jiransa. A kwarin Majiya da Gulbin Maraɗi laka ce mai danƙo. Ga ƙayar aduwa da ta magarya, ga kututture a gefen gonaki. Duk wannan a tafiya guda, a yini guda. Ba wanda zai tsaya ya sake taya a kowace mararraba. Tayar da ta iya kowace hanya daidai gwargwado, ita ce tamu.

Ga kuma maganar ruwa a kan kwalta. Aikin ramukan taya shi ne su kore ruwa daga ƙarƙashinta, kamar yadda indararo ke fid da ruwa daga soro. Idan ramukan sun shafe, ruwa ya rasa hanyar fita. Sai taya ta hau kan ruwan, ta daina taɓa ƙasa. A lokacin nan direba ko ya taka birki ko ya juya sitiyari, mota ba ta jin maganarsa. Sabuwar tayar A/T zurfin raminta ya kai wajen milimita 10, wata ma ta fi. A ƙasashen Turai doka ta hana hawa tayar da zurfinta ya gaza milimita 1,6. Masana da yawa suna ba da shawarar a sake ta tun tana milimita 3, saboda ruwa. Tayoyin gwanjo da ake kawo mana, da yawansu an cire su ne don sun kusa wannan iyaka.

Masu cewa ta yi tsada

Na san abin da ma'ajin kwamiti zai ce: sabuwar taya guda ta fi kuɗin na gwanjo biyu ko uku. Gaskiya ne. Amma araha ba ta ado. A lissafa kuɗin faci na kowane mako. A lissafa ranar kasuwar da aka rasa, da albasa ko tumatir da suka ruɓe a hanya. A lissafa cewa ta gwanjo za a sake sayen wata kafin shekara ta zagayo. Sa'an nan a tuna da mara lafiyar da ke kwance a bayan mota.

Wasu kuma suna cewa tayar A/T ba ta kai ta laka ƙarfi cikin taɓo ba. Wannan ma gaskiya ne. Garin da hanyarsa laka ce tun daga farko har ƙarshe, ya sayi M/T, kuma direbansa ya rage gudu a kan kwalta. Motar da ba ta barin birni kuwa, H/T ta ishe ta. Maganata a kan motocin karkara ce, masu haɗa hanyoyi duka.

Karanta gefen taya kafin ka biya

Taya tana ɗauke da takardar haihuwarta a jikinta. Wanda ya iya karatu, mai sayarwa ba zai ruɗe shi ba. A duba abubuwa huɗu.

Na ɗaya, shekarunta. Nemi haruffan DOT. A ƙarshen layin akwai lambobi 4. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022, wato cikin watan 6. Wani lokaci a gefe guda kawai ake rubuta su, sai a juya taya. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma zafin ƙasarmu yana gaggauta tsufanta. Manyan masana'antun taya suna cewa tayar da ta shekara 5 a riƙa bincika ta kowace shekara, wadda ta shekara 10 kuwa a cire ta ko da haƙoranta suna nan.

Na biyu, girmanta. Za ka ga lambobi kamar 7.50 R16 ko 265/70 R16. Dole su yi daidai da abin da aka rubuta a takardar mota ko a jikin ƙofar direba. Motar kat-kat tana son tayoyinta 4 su zama girma ɗaya, iri ɗaya.

Na uku, nauyin da take ɗauka. Haruffan LT ko C suna nuna tayar ɗaukar kaya ce, mai ƙarfin jiki. Bayan lambar girma akwai wata lamba ta nauyi. Misali, 112 na nufin kilo 1.120 a kan taya guda, har da nauyin motar kanta. Mota irin Hilux, kayan da aka yi ta ta ɗauka bai wuce wajen tan 1 ba, wato buhun hatsi 10 masu kilo 100. Wanda ya ɗora 20, ya zaunar da mutane a kai, kada ya zargi taya idan ta fashe.

Na huɗu, zurfin rami. Sa kan ashana a cikin ramin. Idan kan bai ɓuya ba, tayar ta kusa ƙarewa. Duba kuma gefenta. Idan akwai tsaga, ko kumburi kamar ƙari, bar ta ko da kyauta ce.

Idan kuɗi bai kai na sababbi 4 ba, a sayi 2 a sa su a baya, domin idan bayan mota ya zame, da wuya direba ya iya riƙe ta.

Iska ma magana ce

A auna iska da safe, kafin taya ta ɗau zafi, da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba. Cikin rairayi mai zurfi direba yakan rage iska don taya ta baje, kada ta nutse. Wannan dabara ce mai kyau. Amma da an hau kwalta a mayar da iskar, in ba haka ba taya za ta yi zafi ta fashe. Saboda haka kowace mota ta riƙe famfon iska, da jak, da shebur, da taya ta biyar mai lafiya.

Babu tayar da ta fi ƙarfin kori

Wannan gargaɗi ne ga direbobi. Taya mai kyau kada ta sa ka jin kai. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Wanda ya kai santimita 60, wato ya ɗan wuce gwiwar babban mutum, yana iya tafiya da kat-kat. Ba mu manta da damanar 2024 ba. Ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai, ya rusa gidaje a Maraɗi. A jihar Tawa, cikin watan 8, ruwan kori ya tafi da motocin ƴan kasuwa, mutane da yawa suka rasu. Ruwan kori yakan janye bayan ƴan awoyi. A jira shi.

Kira ga kwamitoci

Ku shugabannin ƙungiyoyi da kwamitocin lafiya, kada ku jira mota ta maƙale kafin ku bi gida gida neman taimako. Lokacin kaka, da hatsi da wake suke hannu, a ware kuɗin taya daban, a rubuta a littafin ma'aji. Cikin watan 4 ko 5 a tura mutum biyu su sayo, ɗaya daga cikinsu wanda ya iya karatu. Mata ma su sa baki a taron, domin su ne suka fi shiga motar nan da dare.

Kai kuma mai karatu, ranar kasuwa mai zuwa, kafin ka hau mota, sunkuya ka karanta lambobin nan 4. Ka faɗa wa direba abin da ka gani.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.