Wanda Ya Bar Gida, Gida Bai Bar Shi Ba

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, labarin David Harte, mai tsaron gida a wasan hoki, wato ƙwallon gora, ya nuna ba kullum ba ne.

Shi mutumin ƙasar Ayilan ne, inda wasan nan ba ya ciyar da mai yinsa. Daga kulob ɗin Pembroke Wanderers na Dublin sai ya haye Holan, inda gwanaye suke, har ya kama wa Kampong gida suka ci kofin Turai a 2016.

Wasu na ganin irin wannan tafiya gudun gida ce. Ina! Gwanintar da ya samo a baƙon wuri ita ya kawo wa ƙasarsa. Da shi Ayilan ta zo ta uku a Turai a 2015, kuma shi ya shugabance ta zuwa wasannin Olamfik na Rio a 2016, bayan shekara 108 rabonta da zuwa.

Jama'a, ba tafiya ce laifi ba. Laifin shi ne a kira mutum gida ya ƙi amsawa.