Wai littattafan Star Trek ba sa cikin lissafi?

Kai da kake raba dare kana musu a Facebook kan Star Trek, ka sha jin ana cewa littattafansa ɓata lokaci ne, wai abin da aka nuna a talabijin ko fim shi kaɗai ne labarin. A ƙa'idar kamfanin da ya mallaki shirin, haka ne. To amma kar wannan ya hana ka karantawa.

Tashar NBC ta Amurka ta dakatar da shirin a 1969, bayan zango uku kacal. Shekara ɗaya bayan nan James Blish ya fitar da Spock Must Die!, kuma irin waɗannan littattafai na cikin abin da ya riƙe masoya har fim na farko ya fito a 1979.

Ka san sunan Sulu na farko, Hikaru? Ai ba a talabijin aka raɗa masa ba. Vonda McIntyre ce ta sa masa a littafinta The Entropy Effect a 1981, sai a 1991 fim ya ɗauka. Su wa ke bin wasu ke nan?

Akwai abin takaici fa. Da shirin Picard ya zo a 2020, ya saɓa wa labarin da marubuta suka yi kusan shekara 20 suna ginawa, har aka rufe shi da littattafai uku masu suna Coda a 2021. Masu musu sun samu hujja, amma labaran suna nan da daɗinsu.

In za ka fara, nemi Spock's World na Diane Duane, 1988. Tarihin mutanen Vulcan ne tun daga tushe.